Kwana Biyar a Kan Benci

Shekara goma sha ɗaya makulli na rataye a ƙuguna,
sai ga ni yau kan benci kamar ɗan lakwal,
gwiwata na bugun tebur,
kaye sabo, bik na aro.

Madam Fannata ba ta ɗaga murya.
Ta ce, "Kiyari, yara nawa ke ɓangarenka?"
Na ce, "Ashirin da uku."
Ta ce, "Faɗi sunayensu."
Na kai bakwai, na tsaya.
Fanka kaɗai ke magana a ɗakin.

Rana ta biyu ta sa mu wasa:
ni ne yaro, Sajan Mutari ne gardi.
Ya daka mini tsawa, "Kai, tsuguna!"
Wasa ne, kowa na dariya,
amma ƙafata ta lanƙwashe kafin in yi shawara.
Kunyar ta bi ni har Garin Malam,
tuwo ya huce a gabana.

Ubana majemi ne.
Na san fata tun kafin in san baƙi.
Bai taɓa jima da fushi ba:
bagaruwa, ruwa, hannu, sai jira.
"In ka ja da ƙarfi ta yage," in ji shi,
"kuma rantsuwa ba ta ɗinke fata."
Ina na yar da wannan
tsakanin gidanmu da ƙofar ƙarfe?

Ran Alhamis aka koya mana cika takarda:
awa nawa ya sha iska, me ya ci, wa ya zo ganinsa,
yaushe zai tsaya gaban alƙali.
A layin "wa ya zo" na tuna Ilu,
wanda ya kwance batirin ɗan kabu-kabu a Kasuwar Dole.
Wata biyar, layinsa fari fat.

Ba zan ce na zama wani mutum ba.
Har yanzu jarka biyu ce ruwan yara,
tabarmi ba su isa,
fushina kuma bai karɓi takardar shaida ba.

Amma daren jiya da na zo ƙirga su,
duwatsun Birni na sakin zafin yini,
na bar lissafi, na kama suna.
A na sha tara na kakare.
Can cikin duhu wata ƙaramar murya ta ce,
"Bacir ne, Shef."

Na rubuta shi a tafin hannuna,
hannun da ke riƙe makulli.