Abin da Gumi Ya Ci

Ranar Talata, ruwa na dukan kwanon shagona
irin dukan da sai a Port Antonio,
Novlette ta shigo da jitar ubanta
naɗe cikin labulen ɗaki,
ta kwantar da ita a teburi a hankali
kamar mai kawo majinyaci.

Ta ce, "Mista Beckford, a yi mata fenti.
Ta tsufa, ta yi muni."
Na ce, "Zauna tukuna."

Jitar bes ce, tsirkiya huɗu, kakkaurar murya.
Ja ce wur a da.
Yanzu jan ya gudu gefe-gefe
kamar gashin mai sanƙo.
Shekara talatin da ɗaya Orville na rungume da ita:
Asabar a otal, Lahadi a coci,
daren tara na makoki duk gidan da aka yi rashi.

Na nuna mata kafaɗar,
inda sangalin hannunsa ke kwanciya.
Katako ne tsirara, sumul,
ya sha gumi har ya yi duhu.
Shafa ki ji, na ce. Babu rodar da ke wannan aiki.

Na kifa ta. Baya duk karce,
aikin ƙarfen bel ne.
Dubi yadda karcen ke ta yin ƙasa:
tumbi na girma, bel na sauka.
Ta yi dariya, ta rufe baki,
dariyar ta ƙare a wani wuri dabam.

A ka, tsakanin kunnuwa, ƙunar taba uku.
Nan yake soke karan in waƙa ta yi tsawo.
Babu ta huɗu.
Shekarar da aka haife ki ya daina.

Ƙarafan wuya kuwa, biyar na farko sun lotsa,
tsirkiya ta yi musu kwari.
Na can sama suna ƙyalli, ko taɓa su bai yi ba.
Ubanki ba mai hawa ba ne.
Yana ƙasa yana riƙe da ginin
wasu na rawa a bene.

Wannan ɓallin a gindi, hanyar Buff Bay ce,
daren da ta zamo daga bayan akori-kura.
Shi ya ji ciwo a gwiwa wajen binta,
bai taɓa ba da labarin gwiwar ba.

An ce a ƙetare akwai masu ɗaukar sabuwa fil
su goge ta da samfefa, su zane ta da sarƙa,
su sayar da tsufan ƙarya ninki biyu.
To, su yi.
Samfefa ba ta san inda mutum
ke jingina gajiyarsa ba.

Novlette ta sa babban yatsanta
a ɗan ramin da nasa ya haƙa.
Ya yi mata yawa.
Ta ce, "Ba sayarwa zan yi ba.
Desroy ke so. Sha uku yake.
Amma bahago ne."

Na daɗe ina kallon jitar.

Fenti dai ban yi ba.
Na canza wayoyin da gishirin teku ya cinye,
na kankare tsatsar kunnuwa,
na juya tsirkiyoyin, mai kauri ta koma ɗaya gefen.

Juma'a yaron ya zo da rigar makaranta.
Ya rataye ta a birkice,
kafaɗar kakansa na kallon ƙasa,
ya ja tsirkiya, ta yi gurnani, kwalaben shago suka amsa.
Kiɗan ba daɗi tukuna.

Amma na ga inda hannunsa ya sauka:
a kan ja mai sheƙi,
gefen da ba wanda ya taɓa jingina.
Rana na zafi, yaron ya fara gumi.
Ban miƙa masa tsumma ba.