Ta Ƙi Buɗewa

A shagona na Jekadafari
na ɗora manhaja tun hantsi.
Na latsa, 'yar da'ira ta juya, ta juya,
sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Na cire, na sake ɗorawa.
Janareta na shan mai, ina haɗa gumi.
Bappayo mai shayi ya leƙo:
"Ko ka hura mata iska?"

La'asar sakaliya idona ya faɗa kusurwar allo:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara.
Ashe batirin agogonta ya mutu,
tana can shekarar da na shiga sakandare,
baƙon bana ya yi sallama, ta ƙi amsawa.

Na gyara kwanan wata.
Ta buɗe.
Janareta ya yi tari, ya mutu.