Tebur Mai Ƙafa Biyu

A Jenowa, a lungun da rana ba ta leƙawa sai azahar,
tsohuwa Nives ta kwantar da tebur rigingine kan barguna,
ƙafafu a sama, kamar akuyar da za a feɗe.
Biyu kacal aka sassaƙa masa.
Shekara ɗari biyu da saba'in yana jingine da bangon wasu,
bai taɓa tsayawa da kansa ba.

Ko'ina lanƙwasa, babu miƙaƙƙen layi ko na rantsuwa.
Ganye ya haifi kumfar teku,
kumfa ta naɗe ta koma ƙwanso,
wani yaro mai kumatu na leƙowa daga cikin furanni,
hancinsa ya guntule tun ba a haifi kakarta ba.

Ƙwaro ya riga ya ci rabonsa.
Tana bin ramukan da allura, ɗaya bayan ɗaya.
Ta dafa fatar zomo har ta yi danƙo,
ta dama alli, ta shafa, ta jira,
ta shafa, ta jira.
Sau tara. Sannan jar laka.

Zinariya kuwa ba a kai mata yatsa.
Ɓawon albasa ya fi ta kauri,
tari ɗaya ya isa ya watsar da aikin yini.
Sai ta goga burushi a kuncinta
ya ɗebo ɗan maiƙon fuska,
zinariyar ta tashi da kanta ta bi shi.
Nives ta riƙe numfashi.
Jikanta Ermete ya tsaya a bakin ƙofa da kofi,
ya san ba yanzu ake motsi ba.

Bayan teburin, inda bango kaɗai ke gani,
ko ƙyalli babu.
Katako tsirara, sawun gizago,
da rubutun gawayi da ya kusa shafewa:
Baciccia ya sassaƙa. Saura lira goma sha huɗu.

Ran Talata dillali ya zo daga Milano,
ya tsuguna, ya haska, ya yatsine fuska:
kankare min wannan dattin.
Ta ce to.
Ya ce ragowar kuɗinta sai an sayar.

Da dare, bayan ta wanke burusai,
ta fiƙe fensir da wuƙar yanka zinariya,
ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara,
ta rubuta nata a ƙasan nasa.