Ƙafa Uku

Ranar Talata bayan azahar
Alhaji Manga ya ɗora makulli a tafin hannuna,
ɗan ƙarami, bai kai tsawon yatsa ba.
Ni da na shekara goma sha ɗaya a Tudun Hatsi
ina saɓa buhun masara da na wake,
sai ga hannuna na rawa saboda wannan ɗan ƙarfe.

Na dangwala yatsa a takarda wuri uku.
Wata goma sha takwas, duk Juma'a in kawo balas,
Kawu Jauro ne ya tsaya mini.
Sauran sharuɗɗan ban ji su ba,
idona na waje, inda keken yake tsaye a rana,
ruwan ɗorawa,
kujerunsa cikin leda, ko ƙuda bai sauka ba.

Lita uku na sha.
Daga Jekadafari zuwa Bolari ba wani nisa,
amma na taho kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.
Wani mai tifa ya leƙo ta taga:
"Malam, tuƙi kake ko turi?"
Na bar shi da ta cewa.

Yara suka tare ni tun daga bakin famfo.
Hajjo ta fito da ludayi a hannu,
ta manta miya na kan wuta.
Dada ce ta zo ƙarshe, tana dogara sanda,
ta zagaya shi sau ɗaya, ta ƙirga tayoyin da ƙafarta.
Ta ce, "Uku ne?
To, murhu ma uku gare shi,
kuma shi yake ciyar da gida."

Na ce, Dada, ina zan kai ki?
Na zaci gidan Adda za ta ce, ko asibiti don gwiwarta.
Ta ce, "Kai ni inda ka bar kafaɗarka."

Ba ta taɓa ganin wurin ba.
Ta shiga da bisimilla, ta cire takalmi ta riƙe a cinya,
ledar na ƙara duk sanda ta motsa.
Kowane rami na faɗa, sai ta ce "Sannu,"
ban sani ba ko da ni take ko da keken.

Mun iske ana sauke tirela.
Bappayo na kan katako, buhu a wuya,
yana taka irin takun da ƙafata ta haddace.
Ya dire, ya zo, ya duba tafinsa, duk garin masara,
sai ya shafa kujerar da bayan hannu.
Ya yi dariya, ya ce, "Gobe ni ne fasinja."
Na so in ba shi amsa, maƙogwaro ya ƙi.
Dada ba ta sauko ba.
Kallon katakon kawai take, tana jan carbi a hankali.

Da muka dawo ta kwance bakin zane,
naira ɗari, ta tsufa har ta yi laushi kamar ganye.
Na ce haba Dada.
Ta ce, "Karɓi. Wanda ya buɗe kasuwa da kyauta
da bashi yake rufewa."

Sai ƙofar zaure ta ƙi mu.
Taƙi ɗaya ya rage, na gwada ta baya,
bango ya ja masa layi a gefe,
tabon farko, kuma ni na yi shi.

Yanzu dare ya raba.
Na shimfiɗa tabarma a waje, kusa da tayar gaba,
makulli ɗaure a mazagin wando.
Injin ya huce, yana ɗan ƙas, ƙas.
Na ƙirga Juma'o'i har na ɓace a ta arba'in.
Na juya gefen dama,
wanda buhu bai cinye ba.