Rawa Ba Makaɗi

Delft, ƙarfe biyun dare.
Taragon ƙarshe ya wuce, tagogi sun daina karkarwa.
Na kashe firij, na kashe fanka,
na ce wa Tjeerd ya bar taunar biskit,
duk don layin nan na kan allo ya kwanta.
Ya ƙi.

Ramin yana jikin wani ɓawo siriri.
Tsaga gashi ɗaya gida dubu goma,
kaso guda ya ishe shi faɗi.
Ruwan gishiri nan, ruwan gishiri can,
ga 'yar wutar lantarki tana cewa: ku bi ta nan.

Zare ya zo bakin ƙofa, ya leƙa, ya fasa.
Ya dawo. Ruwa ya bangaje shi ta hagu,
ya mangare shi ta dama,
ya shiga rabi, ya tsaya kamar mai mantuwa.
Wani ya wuce kafin ƙiftawar ido ta yi niyya.
Ɗan'uwansa, tsayi ɗaya, nauyi ɗaya,
ya yi ninki arba'in na wannan lokaci.
Na rubuta duka biyun. Ba wanda ya yi ƙarya.

Tjeerd ya ce: ba tarago ba ne, Wietske,
ɗumi ne kawai.
Duk abin da bai daskare ba rawa yake,
har bangon ramin, yana tsukewa yana saki.

Shekara uku ina share wannan hayaniya
kamar datti a kan tabarau,
ashe ita ke kai baƙo bakin ƙofa.

Mahaifina ya yi shekara talatin yana tsaron ƙofar ruwa a Friesland.
Jirgi ya zo, ya duba agogo, ya murɗa ƙarfe.
Yanzu hannunsa rawa yake.
Ran Lahadi na tsaya a bayansa, ina riƙe da ledar burodi,
makulli yana bugun gefen kuba,
sama, ƙasa, gefe, sama.
Na miƙa hannu. Ya ce bari.
Sau goma sha ɗaya na ƙirga,
a na sha biyu ya faɗa ciki.

Na maida firij kan wuta.
Layin yana ta tsalle.
Dubu huɗu da shida sun haye kafin asuba,
ban san dalilin ko ɗaya ba,
amma na san da ƙarfe nawa zan tafi gida.