Katin da Bai San Ƙasarsa Ba

A Kärdla, bayan jirgin ruwa na ƙarshe ya tashi,
Piret ta kife kujerun shago a kan tebura,
ta bar guda ɗaya.
Ƙarƙashin kanta akwai tsohuwar kwamfuta,
ita ke raba waifai ga masunta da masu jiran jirgi.
Rabawa dai, ta fatar baki.
Megabit biyu. Wani sa'in ɗaya da rabi,
kamar zuma a cokali cikin sanyin Janairu.

Abin haushin shi ne,
in katin nan ya je baƙunci gidan wani
gudu yake, tamanin, casa'in.
A ce masa yau kai ne mai masauki,
sai ɗingishi ya tashi.

Ta sauya tasha daga shida zuwa sha ɗaya.
Ta kashe tsimin wuta.
Ta murɗa eriya har yatsa ya yi ja.
Ta ɗora sabon direba, ta mayar da tsoho,
ta sake ɗora sabon, ko da dai.
Biyu.

Da safe Ülo zai shigo da ƙarnin kifi a hannun riga,
ya kira jikarsa da ke Tampere,
fuskar yarinyar ta daskare a tsakiyar dariya,
shi kuwa ya ci gaba da ba hoto labarin teku.

Ɗaya saura kwata. Shayi ya huce.
Ta buɗe bayanan na'ura tana bi layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Can ƙasa-ƙasa, a gurbin sunan ƙasa,
sifili biyu.

Ashe katin bai san inda yake ba.
Wanda bai san garin da ya kwana ba
ai ba ya ɗaga murya.
Ya rufe manyan tashoshi, ya tsuke hanya,
yana raɗa, kar ya taka dokar wani.

Haruffa biyu ta buga: E, E,
kamar mai amsa kira.
Ta kashe. Ta kunna.
A waje iska na kaɗa igiyoyin kwale-kwale.

Arba'in da bakwai.
Ba casa'in ba. Sauran rigimar gobe ce.
Ta rubuta lambar a bayan rasit,
ta danne da gwangwanin sukari,
ta sauke kujerar da ke bakin taga,
wadda Ülo ke zama.