Ruwan Sanyi Ya Ƙone Shi

Ranar da babana Tihoni ya tsoma hannu a bokiti
ya fizge shi kamar ya taɓa garwashi,
na san kifin daren jiya ne.
Ruwan sanyi na ƙuna,
shayi mai tururi ya zama ƙanƙara a bakinsa.
Ya rantse haƙoransa sun saki gindi,
alhali ga su nan daram.
Kwana goma sha tara yana susa
har ƙaurinsa ya yi jini.

Shekara arba'in yana su a Rikiteya.
Ya san dutsen da ke da amana,
ya san wanda ba a jefa ƙugiya kusa da shi.
Kakata Mahinui takan yanki tsoka ta ajiye wa tururuwa:
in sun kewaye, a zubar,
in sun hau, a ɗora tukunya.
A daren nan sun hau.
Kyanwa ma ta ci, ta lashe baki,
sai da gari ya waye muka gan ta tana jan ƙafafun baya.

Ruwa ba ya tsami banza.
Shi ya sa yanzu da asuba nake nutso da jakar leda,
in tsinko ciyawar teku daga kan mataccen murjani,
wanda guguwa ta karya,
zafi ya mai da shi fari fat kamar ƙashi.
In zuba a kwalba, in girgiza har kafaɗata ta gaji,
in tace, in sake tacewa,
in ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi.

Ga su nan a ƙarƙashin madubi:
'ya'yan gansakuka, ƙasa-ƙasa, kamar waken da aka take,
suna juyi a hankali, babu mai korarsu.
Goma a jere ba su kai kaurin ƙwayar shinkafa ba.
Ba sa cizo, ba sa harbi,
ba su san sunan babana ba.
Ƙaramin kifi ya yi kiwo, ya haɗa da su,
babba ya haɗiye ƙarami,
guba na hawa tsani mataki-mataki,
tana tara kayanta a hanta
har ta iso farantinmu.
Ba ta wari, ba ta ɗaci.
Wuta ba ta kashe ta, gishiri bai isa ba.

Ina ƙirga. Ɗari biyu da shida. Da bakwai.
Idona na ruwa, janareta na tari.
Ranar Talata jirgi zai ɗauki hantar kifi
cikin akwatin ƙanƙara zuwa Tahiti,
amsa ta dawo bayan mako uku,
lokacin da 'yan'uwan kifin sun daɗe a cikin mutane.
Raimana, abokin aikina, ya ce wata rana
za a sami 'yar takarda da za a manna wa tsoka
ta sauya launi nan take.
Wata rana. Na rubuta lambar yau.

Wata shida likita ya hana babana kifi.
Masunci, yana buɗe gwangwanin naman shanu
yana fuskantar teku.

Jiya ya shigo ɗakin binciken, babu takalmi,
ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya
kamar mai auna mashi.
Ya daɗe.
Ya ce, "Heirani, wannan ne ya kayar da ni?"
Na ce shi ne.
Ya yi dariya har ya dafa tebur.
"Ɗan banza, ashe kyakkyawa ne."

Sannan ya tambayi nawa na samu a dutsen kudu.
Na faɗa masa.
Bai ce uffan ba.
Da safe na hango kwalekwalensa ya nufi arewa.